Filin Tambaya da Amsa: Ƙananan Macizai da Yadda Ake Gane Masu Dafi

Tun daga tsakiyar damina zuwa yanzu da aka shiga kaka, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili sun karkata ne ga maganar macizai, musamman ƙanana waɗanda ake tararwa a ƙarƙashin dami, a bayan randa, ko a gindin katanga bayan an ɗauke ruwa. Lokacin noma da lokacin girbi su ne lokutan da mutum da maciji suka fi haɗuwa a ƙasarmu, saboda haka tambayoyin sun zo a kan gaɓa. Mun zaɓi shida daga cikin wasiƙun, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Malam, ina ɗaga damin gero a gonata sai na tarar da wani ɗan maciji wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, launinsa ƙasa-ƙasa, da ɗigo-ɗigon fari a gefen jikinsa. Bai gudu ba, sai ya lanƙwashe jikinsa yana goga shi yana wani irin sauti. Ɗana ya ce jariri ne, ba abin da zai iya, har ya so ya ture shi da ƙafa. Shin ƙanƙantar maciji tana nuna cewa ba shi da haɗari? Daga wani manomi a yankin Billiri, Jihar Gombe.

AMSA: Malam, ka gode wa Allah da yaron nan bai kai ƙafarsa ba, domin duk siffofin da ka lissafa na kububuwa ne, wadda a yankinku ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, masana kimiyya kuma suke sanya ta cikin dangin da suke kira Echis. Abin da kuka gani mai yiwuwa ma babba ce da ta gama girma, domin tsawon kububuwa yakan tsaya ne tsakanin santimita 30 zuwa 60. Duk da wannan ƙanƙanta, babu macijin da ya kai ta saran mutane da halaka su a filayen noma na Afirka ta Yamma, tun daga Mali da Burkina Faso da arewacin Gana har zuwa Najeriya, arewacin Kamaru da kudancin Chadi.

Ga yadda za ka gane ta daga nesa. Kanta gajere ne mai ɗan faɗi, ya fita daban da siririn wuyanta, idanunta manya ne kuma suna gaba-gaba kusa da hanci, wutsiyarta gajera ce ƙwarai. Fatarta ba ta sheƙi, tana da kaushi, domin kowane ɓawo na jikinta yana da ɗan tudu a tsakiyarsa, kuma waɗanda ke gefen jikin suna da ƙananan haƙora irin na zarto. Idan ta ji tsoro sai ta ninke jikinta ninki-ninki tana goga wannan da wancan, kanta yana tsakiya yana fuskantar wanda ya tsorata ta, sai ka ji sauti kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya mai zafi. Wannan sauti gargaɗi ne, kuma daga wannan zama take kai sara cikin saurin da ido ba ya iya bi.

Abin da ya sa saranta ya fi muni shi ne yana yaudarar mutum. Da farko zafi ne da kumburi a wurin, wanda aka sara yakan taka da ƙafarsa ya koma gida, har a ce abin ya zo da sauƙi. A wannan lokacin dafin yana can yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, sai bayan wasu sa'o'i, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu, a ga jini yana tsattsafowa daga dasashi, daga tsohon rauni, ko a cikin fitsari, mafi tsanani kuma ya zuba a cikin ciki ko cikin ƙwaƙwalwa inda ba mai ganinsa. Idan ba a yi allurar kashe dafi ba, tsakanin mutum 10 zuwa 20 cikin 100 da dafin ya shiga jikinsu sukan rasu, amma inda aka sami allura mai kyau a kan lokaci adadin yakan sauko ƙasa da 2 cikin 100. Ku da ke Billiri kuna maƙwabtaka da asibitin saran maciji na Kaltungo, saboda haka ya kamata kowa a gidanka ya san cewa can za a nufa kai tsaye, ko da wanda aka sara yana cewa shi lafiyarsa ƙalau.

Adalci ya sa in ambaci wani maciji marar laifi da ke shan duka saboda kama da kububuwa, wato mai shan ƙwai. Launinsa da zanen bayansa sun yi kusa da nata, kuma shi ma yana ninke jiki ya goga ya fitar da irin wannan sauti, har ya wage baki ya kai sara, alhali kuwa ba shi da dafi, haƙoransa ma ba su taka kara sun karya ba. Abincinsa ƙwan tsuntsaye ne kawai: yakan haɗiye ƙwan da ya fi kansa girma, ƙasusuwan da ke cikin maƙogwaronsa su fasa shi, ya shanye ruwan ya amayar da ɓawon. Ya fi kububuwa tsawo da siranta, wutsiyarsa ta fi tsawo, kansa ƙarami ne da kusan bai fita daban da wuya ba, kuma saman kansa yana da manyan ɓawo masu faɗi, yayin da saman kan kububuwa yake rufe da ƙananan ɓawo masu kaushi. Sai dai wannan bambanci na ƙarshe, wanda shi ne mafi tabbas, ba a ganinsa sai an matso kusa, kuma matsowar ita ce haɗarin. Shawarata ita ce duk macijin da ya goga jikinsa ya yi wannan sauti a ɗauke shi a matsayin kububuwa, a ja da baya, a kira yara su bar wurin.

TAMBAYA: Na karanta a Facebook cewa duk maciji mai dafi kansa yana da kusurwa uku, ƙwayar idonsa kuma a tsage take a tsaye irin ta kyanwa, marar dafi kuwa kansa siriri ne, ƙwayar idonsa zagayayyiya. Wannan ƙa'ida gaskiya ce? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Ɗan'uwa, ka cire wannan ƙa'ida daga ranka, ka kuma gargaɗi duk wanda ka ji yana yaɗa ta. Asalinta daga Amurka ne, inda mafi yawan macizai masu dafi dangi ɗaya ne, wato macijin nan mai ƙararrawa a wutsiya da 'yan'uwansa, kuma ko a can akwai mai dafin da ya saɓa mata. A ƙasarmu kuwa tana karyewa ta kowane ɓangare. Kumurci da gamsheƙa da duk danginsu masu fasa kai suna da zagayayyiyar ƙwayar ido, kuma idan ba su fasa kan ba, kansu bai fi wuyansu faɗi da yawa ba. Haka mamba take, kanta dogo ne siriri, idonta zagayayye, dafinta kuma yana tsayar da numfashi. Wanda ya bi ƙa'idar da ka karanta zai sanya waɗannan duka cikin marasa cutarwa.

Ta ɗaya ɓangaren, mesa ba ta da dafi amma ƙwayar idonta a tsage take, haka mai shan ƙwai da muka ambata, haka kuma macijin gida mai cin ɓeraye. Akwai ma wani ƙaramin maciji mai cin kwaɗi, launin toka-toka ko ƙasa-ƙasa da baƙi mai sheƙi a gefen kai, wanda idan aka tsorata shi yakan baje kansa ya zama mai kusurwa uku sosai, ya riƙa kai sara, alhali ɗan dafin da yake da shi ba ya yi wa mutum illa. Ban da wannan, tsagaggiyar ƙwayar ido tana buɗewa a cikin duhu ta koma kusan zagayayyiya, kuma kafin mutum ya tantance siffar idon ɗan maciji sai ya kai fuskarsa inda sara ke isa. Kumurci ma ba ya buƙatar ka matso haka, domin yana tsarto dafinsa cikin ido daga nisan mita 2 ko fiye.

Babu alama guda ɗaya tilo da ke raba masu dafi da marasa dafi, kuma ina ganin duk wanda ya ba mutane irin wannan alama ya ɗauki alhaki mai nauyi. Hanyar da ke aiki ita ce mutum ya san macizan yankinsa masu haɗari, waɗanda ba su da yawa, ya san kowannensu da siffofi da dama a haɗe: tsawo da kauri, sheƙin fata ko kaushinta, zanen baya, abin da yake yi idan an tsorata shi, da wurin da aka gan shi da lokacin. Macijin gidan da na ambata misali ne mai kyau. Fatarsa santsi gare ta da sheƙi, launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu ko baƙi-baƙi ba tare da zane a baya ba, wasu irinsa suna da siraran layuka biyu masu haske a kowane gefen kai, ba ya fasa kai, ba ya huci, kuma yana rage ɓeraye a rumbu fiye da yadda masu gida ke zato. Amma da yake a cikin duhu ana iya rikita shi da ɗan kumurci, sanin siffarsa dalili ne na a ƙyale shi ya wuce ko a kore shi da doguwar sanda, bai zama izinin kama shi ba.

TAMBAYA: Bayan ruwan dare mun ga wani abu baƙi siriri mai sheƙi a tsakar gida, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, ba a gane kansa da wutsiyarsa. Maƙwabciyata ta ce bida ce mai kai biyu, kuma tana sara ta kowane gefe. Wani yaro kuwa ya ce ba ta komai, ya so ya ɗauke ta da hannu. Wanne ne gaskiya? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, wannan tambaya tana da muhimmanci ƙwarai, domin macizai iri biyu mabambanta suke da wannan siffa, ɗaya ba ya cutar da kowa, ɗayan kuma ya raba mutane da dama da yatsunsu.

Na farko shi ne makahon macijin da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa yana cin gara da ƙwan tururuwa, wanda ruwa kan koro shi waje. Ya yi kama da tana, sai dai jikinsa a bushe yake da ƙananan ɓawo masu sheƙi. Kai ɗaya gare shi kamar kowane maciji. Abin da ya sa ake zaton biyu ne shi ne kan da wutsiyar duka dunƙulallu ne masu kauri ɗaya, idanunsa kuma ɗigo ne kawai biyu a ƙarƙashin ɓawo. Bakinsa ƙarami ne ƙwarai a can ƙasan kai, ba shi da dafi, kuma ɗan tsinin da ke ƙarshen wutsiyarsa, wanda yake dannawa a jikin wanda ya riƙe shi, ba ya ɗauke da komai.

Na biyu shi ne wanda masana ke kira Atractaspis. Shi ma a cikin ƙasa yake zaune, shi ma bayan ruwa yake fitowa da dare, baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, mai sheƙi, kansa bai fita daban da jiki ba, idanunsa ƙanana, wutsiyarsa gajera mai tsini. Amma yana da dogayen fiƙoƙin dafi, kuma yadda yake amfani da su ya saɓa wa na sauran macizai: ba ya buɗe baki, sai dai ya zaro fiƙa ɗaya ta gefen bakin a rufe, ya karkata kai ya soka ta gefe da baya. Saboda haka riƙon da gardawa da masu kama macizai suke yi, na danne wuya daga bayan kai, ba ya hana shi sara. Yatsan da ya riƙe wuyan shi ne yake samu. Saransa yana kawo zafi mai tsanani da kumburi da ƙuraje masu ruwa, sau da yawa naman wurin ya mutu har a yanke gaɓar yatsa, kuma allurar kashe dafi da ake samu a asibitocinmu ba a yi ta dominsa ba, magani sai dai na rage zafi da kula da raunin. A shekarun 1970 likita David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan garinku sun rubuta bayanin mutanen da irin wannan maciji ya sara a arewacin Najeriya, don haka ba baƙo ba ne a wajenku.

Akwai alamun da ke taimakawa. Wutsiyar mai dafin tana sirancewa zuwa tsini, idanunsa ƙanana ne amma a fili suke, kuma idan aka taɓa shi da sanda yakan lanƙwasa wuyansa sama ya kafa hancinsa a ƙasa, ko ya riƙa fizgar kai gefe da gefe. Sai dai da dare, a hasken tocila, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko masana sukan yi kuskure a kansa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ya sara sun ɗauke shi ne da hannu bisa zaton marar dafi ne. Ki kafa wa yaranki doka cewa duk wani baƙin abu mai jan ciki ba a taɓa shi da hannu, kuma ba a fita tsakar gida bayan ruwan dare ba takalmi ba fitila. Idan an gan shi, a share shi da doguwar tsintsiya zuwa cikin bokiti mai zurfi, a kai shi bayan gari.

TAMBAYA: Wani koren maciji siriri yana yawan hawa bishiyar mangwaron gidanmu. Damatsiri ne ko mamba? Daga wani magidanci a Kafanchan.

AMSA: Mafi yawan korayen macizan da ake gani a bishiyoyi da shingayen gidaje a arewa damatsiri ne, wanda kaurinsa bai wuce na yatsa ba, tsawonsa kuma da wuya ya wuce mita 1, yana farauta da rana, yana cin kwaɗi da ƙananan ƙadangaru, ba shi da dafi. Korayen mamba macizan kurmi ne, an fi samunsu a kudu da kuma dazuzzukan bakin rafi masu duhuwa, kuma sun fi damatsiri girma nesa ba kusa ba. Da yake yankinku yana da irin wannan duhuwa, kada ka yanke hukunci da launi kaɗai.

Wanda na fi so ka sani shi ne wani macijin bishiya da littattafan masana ke kira bumsilang. Namijinsa yakan zama kore, macen ruwan ƙasa, ɗansa kuma toka-toka ne da manyan idanu koraye shar. Alamarsa ita ce gajeren kai dunƙulalle da idanun da suka yi wa kan girma, kuma idan ya fusata yakan hura wuyansa ya kumbura. Yana da kunya, ba ya saran wanda bai kama shi ba, amma dafinsa yana hana jini daskarewa, kuma alamun sukan yi jinkirin bayyana. A watan Satumba na 1957 an kai wa Karl Schmidt, babban masanin macizai a gidan adana kayan tarihin halittu na birnin Shikago, wani ɗan maciji domin ya tantance irinsa. Ya ɗauke shi da hannu, macijin ya sare shi a babban yatsa, ya ɗauka cewa ƙaramin bumsilang ba zai iya zuba dafin da zai kashe mutum ba, bai nemi magani ba, ya ci gaba da rubuta abin da yake ji a jikinsa, washegari ya rasu saboda zubar jini. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana nazarin macizai ke nan. Ka bar na bishiyarka a inda yake, ka hana yara jifansa ko hawa bishiyar idan yana kai.

TAMBAYA: Na ga 'yan macizai gajeru masu kauri da yawa a kusa da rumbuna, kowanne bai wuce taƙi ba. An ce ɗan maciji ya fi babba dafi saboda bai san awo ba, yana juye duk abin da ke bakinsa. Haka ne? Kuma uwarsu tana kusa? Daga wani mai kiwon kaji a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.

AMSA: Maganar cewa ɗan ya fi babba haɗari ba ta da tushe, domin jakar dafin babba ta fi girma, abin da yake zubawa ya fi yawa, fiƙoƙinsa kuma sun fi nutsewa. Amma ɗan maciji mai dafi da dafinsa yake zuwa duniya, kuma abin da yake da shi ya isa ya kwantar da babba, balle yaro ƙarami.

Gajeru masu kauri da yawa a wuri ɗaya sun fi kama da 'ya'yan kasa, domin kasa ba ta yin ƙwai a waje, haihuwa take yi, kuma a haihuwa ɗaya takan zubar da 20 zuwa 40. Ka duba bayansu daga nesa: 'ya'yan kasa suna da kai mai faɗi, fata mai kaushi marar sheƙi, da jerin zane mai haske mai kusurwa da ke bin baya har wutsiya, kuma suna hura jiki su yi huci tun suna ƙanana. Ɗan mesa ya fi su tsawo sosai tun daga ƙyanƙyasa, fatarsa tana sheƙi, kuma yana da baƙin zane mai siffar kan mashi a saman kai. A yankinku mai rairayi akwai kuma wani gajeren maciji mai kauri da ke nutsewa cikin yashi, mai manyan tabo masu duhu a kan launin rawaya ko ruwan lemo, kansa bai fita daban da wuya ba; dangin mesa ne, ba shi da dafi, amma ana yawan kashe shi bisa zaton kasa ne. Kasa ba ta renon 'ya'yanta, kowanne yakan kama gabansa, sai dai ganinsu a tare yana nuna ba a daɗe da haihuwarsu ba, don haka tana iya kasancewa a kusa, kuma halinta ne ta kwanta shiru har a taka ta.

Tunda kana kiwon kaji, ka sani cewa ƙwai da 'yan tsaki da ɓeraye suna jawo kumurci. Ɗan kumurci toka-toka ne da baƙin kai da wuya, kuma yana fasa kai ya yi tsartuwa kamar babba. Binciken da aka yi a yankin Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna yadda kumurci ke shiga gidaje, yana saran mutane da dare suna barci a ƙasa. Ka nisanta akurki da rumbu daga ɗakin kwana, ka kwashe tarin kara da duwatsu daga jikin katanga, a kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Idan dafi ya shiga ido, a wanke shi nan take da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, kada a murza, sannan a tafi asibiti.

TAMBAYA: Idan ƙaramin maciji ya sari mutum da dare ba a san irinsa ba, dole ne a nemo shi a kashe a tafi da shi asibiti? An kuma ce a duba wurin saran, idan huda biyu ne mai dafi ne, idan jerin ƙananan huda ne ba komai. Daga wani ɗan'uwa a zangon Tamale, ƙasar Gana.

AMSA: Ɗan'uwa, kada a nemi macijin. Neman sa a cikin duhu yana cinye lokacin da ya kamata a yi amfani da shi a kan hanyar asibiti, kuma sau da yawa yakan ƙara mutum na biyu a kan na farko. Idan an riga an kashe shi, ana iya ɗaukarsa da sanda a sa a cikin abin da ke da murfi a tafi da shi, amma kada a taɓa kan da hannu, domin kan macijin da aka kashe, ko da an datse shi, yana iya sara har bayan wani lokaci. Hoton waya da aka ɗauka daga nesa ya wadatar.

Maganar huda kuwa ba abin dogaro ba ce. Mai dafi yana iya samun mutum da fiƙa ɗaya, ko ya bar ƙarzuwa kawai, hudar ƙaramar kububuwa kuma tana iya ɓacewa cikin kumburi ko kaushin ƙafar manomi. Likita ba ya jiran ganin macijin, jikin majinyaci yake karantawa. Jinin da ya ƙi daskarewa galibi yana nuna kububuwa. Kumburin da ke hawa gaɓa da sauri da ƙuraje da mutuwar nama yana nuna kasa ko kumurci. Nauyin fatar ido, da wahalar haɗiya, da dalalar yawu, da sarƙewar numfashi suna nuna mamba ko wasu daga cikin masu fasa kai. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi ko a ƙaramin asibiti: a ɗebi ɗan jini a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ta minti 20 ba a girgiza ba, sannan a karkata ta, idan jinin ya zubo bai yi guda ba, dafin ya shiga jiki, sai allura. Ana maimaita gwajin, shi ya sa ake riƙe wanda aka sara aƙalla sa'a 24 ko da bai nuna komai ba.

Kafin a isa asibiti, a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro da agogo da takalmi kafin kumburi ya kama su, a tallafe gaɓar da ɗan katako kada ta riƙa motsi, a ɗauke shi, kada ya yi tafiya da ƙafa. Idan babur ne, a sa shi a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya. Kada a ɗaure gaɓar tamau da igiya ko roba, domin hakan yana kashe ta. Kada a tsaga wurin, domin wanda kububuwa ta sara jininsa ba zai tsaya ba. Tsotsa da baƙin dutse ba sa fitar da dafi, jiƙe-jiƙen da ke sa amai kuma suna iya shaƙe mutum. Don rage zafi a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin da danginsa masu ƙara zubar jini. Na san mutane da yawa za su ce sun ga wanda ya warke a hannun mai maganin gargajiya, kuma ba ƙarya suke yi ba. Dalilin shi ne sara da yawa na macizai marasa dafi ne, mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba komai ba, irin waɗannan za su warke ko ba a yi musu komai ba. Wanda dafin ya shiga jikinsa da gaske shi ne ake kawowa asibiti a rana ta uku, lokacin da aikin ya riga ya yi wuya.

A nan ne sanin irin maciji ya fi amfani, domin allurar kashe dafi tana aiki ne a kan macizan da aka yi ta da dafinsu. A ƙasarku an ga misalin haka a 2004, lokacin da wani asibitin karkara a tsakiyar Gana ya koma amfani da allurar da aka haɗa a Indiya: mace-macen waɗanda kububuwa ta sara sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100. A Najeriya an yi aikin haɗin gwiwa da ya samar da EchiTAb-G, wadda aka haɗa a Birtaniya domin kububuwa, da EchiTAb-Plus-ICP, wadda ake yi a Kosta Rika domin kububuwa da kasa da kumurci, an kuma gwada su a kan majinyata a Kaltungo. Cibiyar lafiya ta Zamko da ke yankin Langtang a Jihar Filato ita ma ta daɗe tana karɓar masu saran maciji, kuma likitoci irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano sun shafe shekaru suna bincike a kan wannan matsala. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, ta sanya shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Abin da ya rage gare ku a zango shi ne shugabanni su bincika tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar, kuma wace iri ce, su sanar da jama'a a masallaci da kasuwa.

Masu aiko mana da hotuna domin a tantance musu maciji, muna roƙon a ɗauki hoton daga nisan mita 3 ko fiye, a jawo shi da waya, ya nuna jikin gaba ɗaya daga kai har wutsiya, a kuma rubuta garin da aka gan shi, da lokacin, da abin da ya yi sa'ad da ya ga mutum. Idan kuwa ya riga ya sari wani, a wuce asibiti tukuna, hoton ya biyo baya.